Kasuwar Ƙarfe Uku na Dare

Ni ce Ximena. A hawa na tara, a birnin Santiyago,
sana'ata sayen kalmomi.
Ba kalmar alkawari ba, ba ta ban-haƙuri ba,
kalmar da yatsa ke dannawa a ɓoye
sa'ad da gari ya yi tsit,
daga mutum sai wayarsa, sai dare.

Gwanjo ne, babu ƙararrawa, babu dillali,
kafin ƙiftawar ido an taya, an sallama, an watse.
Bara zuma ce ta yi tashe, bana ta faɗi warwas.
Makon jiya kowa na cigiyar takalmin wata 'yar rawa,
yau ko kyauta babu mai tambaya.
An ce kasuwa a kai miki dole,
tamu ita ke kai kanta har ƙarƙashin bargo
ta iske mutum a ware.

Maigidana Baltasar ya ɗora yatsa a kan allo.
“Dubi tudun nan,” ya ce, “daga uku zuwa huɗu.
Rashin barci. Me ya sa nake farkawa.
Masu katifa sun biya, saye su duka.”
Na saye.
Na ɗana musu layi ɗaya, gajere kamar ƙugiya:
Mun san ba ka barci. Ba kai kaɗai ba ne.
Kafin Juma'a lambobi sun yi tsiri,
aka yanka kek a ofis, aka tafa mini,
na ci, na suɗe yatsa, ban ƙware ba.

Ran Lahadi na hau mota zuwa Balfaraiso.
Matakala ɗari da sittin kafin ƙofar babana,
Anselmo, wanda ya shekara talatin
yana sauke kayan duniya daga jiragen ruwa.
Tun sanyin Yuli da muka binne Eduvigis
kofi biyu yake ɗauraya, ɗaya bai sha komai ba.

Ga sabuwar katifa a jingine da bango,
ko ledarta ba a ɓare ba.
“Baba, wannan fa?”
Ya miƙo wayarsa, gilashinta ya tsage a kusurwa.
“Wani ne ya san ba na barci,” ya ce.
“Na ga rashin kirki ne mutum ya kula da kai
ka ƙi amsa masa.”
Tsohuwar tana nan a kan gado,
da kwarin da uwata ta bari a gefen taga,
ya ce ba a taɓa wannan, haka za ta tsufa,
su biyu tare.

Ya shiga dafa shayi, ni kuwa na yi abin kunya,
na leƙa abin da ya tambayi duniya:
miyar wake ta mutum ɗaya,
wane tsuntsu ke kuka kafin asuba,
wata nawa ƙamshi ke yi a rigar ulu.
Na ƙarshen nan na san farashinsa.
Babu mai taya shi. Ko sisi.

Litinin tudun yana nan inda na bar shi,
mutum dubu arba'in, an niƙe su sun zama layi.
Ban goge tallan ba, kada in yi ƙarya,
kuɗin haya ba ya jin labari.
Agogo kawai na saita.

Ƙarfe uku da kwata, bugu ɗaya ya ɗauka.
“Wa ya gaya miki?”
Na ce babu kowa.
Muka yi hirar tsadar wake,
da wani jirgi mai jan ciki da ya ƙi barin gaɓa,
har na ji tsuntsun nan ta cikin wayar.
Ni ma ban san sunansa ba.
Ba mu bincika ba.